Bayan An Kife Ƙwarya, Sai Me?

A garuruwanmu idan labari ya bazu cewa wani mashayi ya daina shan giya, murna ake yi. Matarsa ta yi guɗa, 'yan'uwa su zo barka, maƙwabta su ce an gode Allah. Bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa, ana ganin magana ta ƙare. A ganinmu kuwa a ranar ne aikin ya fara. Kife ƙwarya abu ne na yini ɗaya, amma koyon zaman duniya ba tare da ita ba yana cin watanni, wani lokaci shekaru. A wannan tsakani ne muke barin mutum shi kaɗai, in ya koma kuma mu ce dama mun san ba zai iya ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 209 ne ta kama har ba su iya rabuwa da ita cikin sauƙi. Da wuya a sami aji ɗaya a makarantar nan da ba a rasa ɗalibin da babansa, ko kawunsa, ko yayansa yake cikin wannan lissafi.

Bari mu fara da jiki. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙarfi domin ta ture wannan danniya, kamar yara biyu masu tura ƙofa, ɗaya ciki ɗaya waje. In na waje ya saki farat ɗaya, na ciki sai ya kife da ka. Shi ya sa cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake ganin rawar hannu, gumi, amai da rashin barci. Wasu sukan yi farfaɗiya. Daga rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma wasu sukan ruɗe su riƙa gane-gane, wannan kuwa yana iya kisa. Saboda haka wanda ya daɗe yana sha da yawa ya nemi likita kafin ya daina. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Idan waɗannan kwanaki suka wuce, sai na zuciya ya biyo baya. Barci yakan ɗauki watanni bai daidaita ba. Mutum yakan yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hira da wasa da abinci duk sukan yi masa salam, domin ƙwaƙwalwarsa ta saba samun daɗi daga wuri ɗaya. Ga kuma nadama. Da can in ya tuna bashin da ke kansa, ko kuɗin makarantar da bai biya ba, ko marin da ya yi wa matarsa a gaban yara, sai ya sha ya manta. Yanzu kuwa idonsa biyu zai kwana da su. Mu da muke gefe sai mu ce, "Ai gara lokacin da yake sha, ya fi fara'a." Wannan kalma ɗaya tana iya rushe ginin wata shida.

Sai kuma zaman jama'a. Mu faɗi gaskiya, a ƙauyuka da unguwanni da yawa na Filato, da kudancin Kaduna, da kudancin Bauchi, da Adamawa, gidan burkutu ya wuce wurin sha. A can ake jin wanda ke neman leburori, da farashin dawa, da wanda zai ba da rance. A gayya ma burkutu ne ladan gumi, a biki da makoki kuma shi ake fara miƙa wa baƙo. Wanda ya daina sha ya rasa majalisarsa da abokan shekara ashirin a rana ɗaya. Daga ƙarfe huɗu na yamma har dare ba shi da wurin zuwa. In ya bi ta ƙofar gidan, sai a kira shi, "Kai, wane! Ka zama fasto ne? Zo ka ɗanɗana, ƙwarya ɗaya ba ta kisa." In ya koma gida kuma ya tarar matarsa ta saba tafiyar da komai ba shi, yara suna shiga ɗaki da sun ji muryarsa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Alan Marlatt, ya bi diddigin waɗanda suka koma sha bayan sun daina. A littafin da ya fitar tare da Judith Gordon a 1985 an nuna cewa mafi yawansu abubuwa uku ne suka kayar da su, wato ɓacin rai, da faɗa da wani, da matsin abokai. Ku duba da kyau, biyu daga cikin ukun nan daga hannun mutane suke fitowa, wato daga hannunmu.

Tarihi ya nuna cewa daga hannun mutane maganin ma yake fitowa. A watan Mayu na 1935 wani ɗan kasuwa mai suna Bil Wilson ya je garin Akron a jihar Ohayo, wata biyar bayan ya daina sha. Cinikin da ya kai shi ya wargaje, ga shi baƙo, ga mashaya a cikin otal ɗin da ya sauka. Maimakon ya shiga, sai ya yi ta buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likita, Dokta Bob Smith, suka yi sa'o'i suna hira. Likitan ya sake faɗuwa bayan 'yan makonni, amma Bil bai rabu da shi ba. Daga watan Yuni na wannan shekara bai ƙara sha ba har ya rasu a 1950. Abotarsu ce ta haifi ƙungiyar Alcoholics Anonymous, inda mashaya ke taimakon juna ba tare da tallan sunayensu ba. A 1951 Lois, matar Bil, ta taimaka aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, gama su ma suna da raunin da ke bukatar jinya.

Tun kafin nan, a 1877, Fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Blue Cross a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Shi da abokansa sun yi alkawarin barin giya ko da yake ba ta dame su ba, don kada mai fama ya zama shi kaɗai ne ba ya sha a wurin taro. A nan gida ma, a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, domin ya gane cewa mutum ya fi warkewa a cikin jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, shi ya jawo wa kansa, me ya sa za mu ɗauki wahalarsa? Gaskiya ne akwai laifinsa, kuma ba mu ce a shafe shi ba. Matar da ta sha wuya shekara goma tana da dama ta ƙi ba shi kuɗin cefane ya riƙe a watan farko. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amana a hankali take dawowa, kuma shi ne zai saye ta da biyan bashi, da neman gafara, da dawowa gida a kan lokaci. Inda ake duka kuwa, tsaron lafiyar mace da yara shi ne farko. Amma idan ya koma gidan jiya, wa zai biya? 'Ya'yansa ne, waɗanda muke zama benci ɗaya da su.

To, me za mu yi? A bikinmu mu tanadi kunun zaki da zoɓo da kunun aya, mu miƙa su da daraja irin wadda ake miƙa giya. In mutum ya ce ba ya sha, kada a tambaye shi dalili, kada a miƙa masa sau biyu. Mai gayya ya dafa abinci mai kyau, ya ba wanda ba ya sha nasa ladan a hannu. Mu daina kiran mutum da sunan da giya ta sa masa. Mafi muhimmanci, mu cika masa yammacin nan da ya zama kango, ko da lambun rani, ko ƙwallo, ko ajin yaƙi da jahilci, ko dara a gindin bishiya. A ba shi ɗan aiki a unguwa wanda za a tambaye shi lissafinsa, domin wanda ake jira gobe da safe yana da dalilin kwana da hankalinsa.

Kai kuma ɗan'uwa mai wannan yaƙi, ka kula da lokuta huɗu: in kana jin yunwa, in ka yi fushi, in kana cikin kaɗaici, in ka gaji. A nan ƙwarya take kira. Sha'awar takan taso ta yi ƙarfi, sa'an nan ta kwanta in ba ka biye mata ba, saboda haka ka ci abinci, ka tashi daga wurin, ka nemi wanda za ka gaya wa. Ka shirya amsarka tun daga gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ɗora wa kanka lissafin shekaru, ka riƙe na yau. In kuma ka zame, ka faɗa da wuri, ka koma wurin likita. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar shaye-shaye sukan zame, kamar yadda hawan jini da asma sukan tashi bayan sun lafa. Ba a korar mai hawan jini daga asibiti don ciwonsa ya dawo.

Mu ɗalibai kuma, ga hutu ya zo. Wanda ya tarar babansa ko kawunsa ya daina sha, kada ya tsaya daga nesa yana jiran ranar faɗuwarsa. Ya gaishe shi da ladabi, ya nuna masa sakamakon jarrabawa, ya ce, "Baba, zo mu je gona tare." Wataƙila ya yi shiru, domin kunya ba ta barinsa ya amsa. A sake gwadawa gobe. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.