Kafin Alƙalamin Magini: Haƙƙin Wane Ne Idan Ba A Fara Aiki Ba?

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta kama, ƙasa ta bushe yadda za a iya haƙa harsashi ba tare da fargabar ruwa ba, duk wanda Allah Ya hore wa ɗan abin hannu, manomi ne da ya sayar da amfanin gona, ko ma'aikaci da ya karɓi haƙƙinsa bayan shekara 35 yana bauta wa gwamnati, ko ɗan ƙasarmu mai neman abinci a Legas ko Kumasi ko Jidda, sai hankalinsa ya koma ga filin da ya saya tun tuni yana burin ya ga ya zama gida. Kuma a wannan lokaci ne zaurukan masu unguwa da ofisoshin Hisba da caji ofis suke cika da husuma iri guda, wadda galibi ba ta wuce maganganu biyu ba: mai gida ya ce ya ba magini kafin alƙalami wata da watanni, ko bulo ɗaya ba a aza ba, magini kuwa ya ce kuɗin sun shiga aiki, a ƙara masa haƙuri.

Adalci shi ne a fara da uzurin magini, domin mutane sun saba ɗora masa laifi tun kafin ya buɗe baki. Mafi yawan maginanmu ba su da jari, banki kuma ba ya ranta musu ko sisi, alhali lebura ba ya kwana da bashin guminsa, mai buga bulo ba ya loda wa kowa mota sai ya ga kuɗi, direban tifa ma sai an biya shi yake juye yashi. Ban da wannan, babu maginin da ya daɗe a sana'a face ya taɓa haɗuwa da mai gidan da aka kai masa gini har rufi, sa'an nan ya fara cewa a dakata sai wata ya yi, ko sai an sayar da shanu, har dai magana ta bi ruwa. Saboda haka neman wani abu a hannu kafin a fara aiki ba zalunci ba ne, kuma ita gwamnati da kanta tana bayarwa. Sai dai a duba yadda take bayarwar. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta shekarar 2007 ta ƙayyade kuɗin somin aiki kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, kuma ba a miƙa shi sai ɗan kwangila ya kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Daga baya ne aka ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na cikin gida. To, idan hukumar da take da lauyoyi da injiniyoyi da 'yan sanda ba ta yarda ta saki kuɗinta sai da wannan tsantseni ba, kuma duk da haka ga ayyukan da aka yi watsi da su birjik a kowace jiha, ina dalilin da talaka zai ɗauki rabin jinga, wani lokaci ma kashi biyu cikin uku, ya damƙa wa mutum ba takarda ba shaida, don kawai a masallaci ɗaya suke sallar asuba?

Ina kuɗin suke tafiya? A ganina 'yan damfara na haƙiƙa, waɗanda suka karɓa da niyyar gudu, su ne mafi ƙaranci. Abin da ya fi yawa shi ne magini mai aiki uku ko huɗu a lokaci guda, wanda ya yi arahar jinga a aikin farko don kada wani ya ƙwace masa, kuɗi suka ƙare gini bai kai linta ba, mai aikin yana ta matsa masa lamba. Sai ga sabon mai gida ya zo da kafin alƙalami, ya ɗauka ya ƙarasa wancan, da fatan wani zai zo ya biya wa wannan. Al'amarin ya zama kamar adashin da na ƙarshe ba ya kwasa. Muddin farashi yana zaune, wannan dabara takan daɗe asirinta a rufe. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, har buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, rodi da kwano su ma suka bi sahu, sai asirai da yawa suka tonu a lokaci ɗaya.

Kowa ya san kamannin irin wannan fili in ya gan shi a bayan gari. An kafa turaku, an ɗaura igiya, an zuba farar ƙasa don shata ɗakuna, an juye tifa guda ta yashi a gefe domin mai gida ya ga alama. Yanzu igiyar ta tsinke, ciyawa ta fito a kan yashin, maƙwabta sun ɗebi rabinsa sun yi filastar banɗakinsu. Mai gida ya buga waya, a ce da shi, “Ranka ya daɗe, ai ranar Asabar in Allah Ya yarda za mu zuba harsashi, mai kawo tsakuwa ne ya yi mana ciwon kai.” Asabar ta zo ta wuce, sai a ce an yi rasuwa a ƙauye. Bayan haka wayar ta daina shiga. Idan kuwa mai gidan yana Jidda ne, ƙaninsa yake tura wa kuɗi, to sau da yawa hoton yashin nan kaɗai zai gani shekara guda, kuma ba lalle ne maginin ke da laifi ba.

Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa suke hannun alƙalanmu tun kafin zuwan Turawa, ba su bar wannan mas'ala a duhu ba, kuma na tabbata da an bi rarrabewarsu da rabin rigimar bai taso ba. Asali a wurinsu, lada ba ya zama haƙƙin ma'aikaci da ƙulla magana kawai, sai gwargwadon aikin da ya gabatar, sai fa idan an yi sharaɗin gaggauta biya ko al'adar gari ta gudana a kan haka. Kuma ko an gaggauta, kuɗin a madadin aiki aka ba da su. Idan aikin bai samu ba, babu wata fuska da za su halatta ga wanda ya karɓa. Wannan game da lada ke nan. Kuɗin da aka bayar don a sayo siminti da rodi kuwa hukuncinsu dabam ne, domin a nan magini wakili ne, abin da ke hannunsa amana ce, kuma ranar da ya karkatar da su zuwa ginin wani, ko ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da su, ya yi ta'addi, lamuni ya hau kansa ko da niyyarsa ta mayarwa ce. Babbar ɓarnar da muke yi ita ce cakuɗa waɗannan kuɗi biyu a dunƙule ɗaya, ba a faɗi nawa ne na kaya ba, nawa ne na hannu, har in an zo gaban mai sulhu kowa ya fassara su yadda ya fi masa daɗi.

Akwai kuma maginan da suke riƙe da cewa kafin alƙalami ba ya komawa, wai haka sana'a ta gada. Imamu Malik ya kawo hani a kan irin wannan ciniki a cikin Muwaɗɗa, watau mutum ya ba da wani abu a kan in ya cika ciniki ko haya a lissafa da shi, in ya fasa ya zama na wanda ya karɓa, kuma ya ɗauke shi cin dukiya ba bisa haƙƙi ba. Hambaliyya sun halatta shi, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta bi ra'ayinsu a zamanta na 1993, bisa sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Amma ko a wurin waɗanda suka halatta, magana ce a kan wanda ya ba da kuɗi sa'an nan ya janye da kansa. Babu malamin da ya ce wanda ya karɓa ya ƙi aiki, ya kuma riƙe kuɗi.

Ba kullum ne mai gida yake da gaskiya ba, kuma masu sulhu su kiyaye wannan. Wani ya kira magini alhali filin yana cikin rigimar gado, ko bai karɓi izinin gini ba har hukumar tsara birni ta zo ta shafa jan fenti. Wani ya canza zane sau uku. Wani kuma ya sami mai araha ne bayan an gama magana, sai ya dawo yana neman kuɗinsa cif-cif. Ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, ƙulli ne mai lazimtar ɓangarori biyu, ba a warware shi don ganin dama. Maginin da ya auna fili, ya biya leburorin share wuri, ya kawo yashi, ya kuma mayar da wani aiki saboda wannan, yana da haƙƙin a cire masa abin da ya kashe da ladan abin da ya yi, matuƙar ya nuna su dalla-dalla.

Idan husuma ta kai ga ƙara, abin da mutanenmu suka fi sani shi ne caji ofis, domin suna ganin kwana ɗaya a bayan kanta zai fito da kuɗin da wata shida na lallashi bai fito da su ba. Lalle wani lokaci yakan fito da su, bayan an sayar da babur ko akuyar matar magini, an kuma rage wani abu a hanya. Amma doka ba ta tare da wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, har mai ƙara kan wayi gari shi ake nema ya biya diyyar tsare mutum. Inda hukuma take da hurumi shi ne inda aka sami zamba ko cin amana, laifuka biyu da kundin Penal Code na Arewa ya tanadi hukuncinsu, kamar wanda ya karɓi kuɗin mutum biyar a kan aikin da ya san ba zai yi ba, ko ya sayar da simintin da aka ajiye a hannunsa. Abin da bai kai haka ba, hanyarsa sulhu ne a gaban dattawa ko Hisba, in ya faskara a tafi kotu. A Kano tun 2019 akwai kotun ƙananan da'awowi, wadda aka fara da ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, aka kuma tsara ta don a gama shari'a cikin kwana 60, ba tare da tilas sai an ɗauki lauya ba. Sai dai kowace kotu aka je, ta Musulunci ko ta majistare, mai da'awa ne ake tambaya hujja, kuma shaidar tura kuɗi ta banki, wadda mutane suke dogara da ita ƙwarai a yau, iyakarta ta tabbatar kuɗi sun fita daga nan sun shiga can; ba ta faɗin na mene ne, ba ta faɗin yaushe aka yi alkawarin farawa.

Ko an ci nasara ma akwai hasarar da ba ta dawowa. Galibin malamai sun tafi a kan cewa bashi da kwatankwacinsa ake biya, ba da ƙimarsa ba. Wanda ya ba da naira miliyan ɗaya lokacin da take sayen buhu 200, aka mayar masa da ita lokacin da ba ta wuce buhu 100 ba, an biya shi a shari'a, amma rabin simintinsa ya tafi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da mai gida zai je da ƙafarsa, tare da maginin, wurin mai sayar da kaya, ya biya, a rubuta rasit da sunansa, ko da kayan za su zauna a shagon sai an buƙace su. Kuɗin hannu kuwa a raba shi bisa matakan aiki, harsashi, linta, rufi, filasta, kowane mataki a biya shi bayan ido ya gani, somin kuma kada ya wuce abin da zai ɗauki leburori mako ɗaya ko biyu.

A zamanin da, lokacin da ake gini da tubali da azara, kowane babban gari yana da Sarkin Magina, sana'ar kuma gado ce ta gidaje sanannu, irin zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Maginin da ya ci amana a lokacin ba shi da wurin ɓuya, domin an san gidan ubansa, an san wanda za a kai wa ƙararsa. Yau birane sun faɗaɗa, abin da ka sani game da magininka lambar waya ce, amma mun riƙe kunyar wancan zamani, muna jin nauyin mu ce a rubuta, kada a ce ba mu yarda da mutum ba. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara umarta da ita, waɗanda amincinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Magabata sun ce tun ran gini tun ran zane.

Ina roƙon ƙungiyoyin magina da na masu buga bulo, waɗanda su ne sunansu yake ɓaci a wannan al'amari, su fito da takarda guda mai shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, wadda za ta ƙunshi jimlar jinga, da abin da aka bayar na kaya da na hannu, da ranar farawa, da adadin kwanakin da in sun wuce ba a fara ba za a mayar da kuɗi, da yadda za a yi in farashi ya tashi, da sunan wanda ɓangarorin biyu suka yarda ya raba su in sun saɓa. Masu unguwa su ajiye kwafi, limamai su ambace ta a kan mumbari. Kai kuma mai karatu da kake shirin tura kuɗi a wannan rani, in maginin ya ƙi a rubuta a gaban shaidu biyu, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.