Ku koya wa ƴaƴanmu aikin kafin ku tafi

Ya kai mai karatu, ka san ciwon daji. Wasu na ce mishi sankara. Shi ne ƙullutun da ke fitowa a nonon mace, ko gyambon bakin mahaifa mai sa jini ya yi ta zuba ba lokacin al'ada ba. Waɗannan biyu su ne suka fi kama matan ƙasarmu.

Likitoci na yaƙar shi ta hanya uku: fiɗa, da magani na allura ko ƙwaya, da kuma haske. Hasken nan ido ba ya ganin shi. Ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana auna shi daidai kan ƙullutun, ya kashe ƙwayoyin cutar. Cikin masu ciwon daji 10, kamar 5 suna bukatar shi.

To, saurara. Tun 1971 ake haƙo ƙarfen yuraniyom a Arlit. Ya ba biranen Faransa wutar lantarki shekara da shekaru. Amma injin hasken magani na farko a Nijar, sai 2021 aka kafa shi a Yamai, a cibiyar yaƙi da ciwon daji. Shekara 50 ke nan! Kafin nan, mai hali da wanda gwamnati ta ɗauki nauyinshi su ke zuwa Maroko ko Tunisiya ko Faransa. Talaka kuwa ya koma gida ya jira ikon Allah.

Akwai masu cewa wannan magani na ƙasashe masu kuɗi ne, mu dai mu ji da masassarar cizon sauro da ƙyanda tukuna. Ban yarda ba. Wa ya ce uwar da ta tsere wa masassara ba ta cancanci a raba ta da sankara ba? Mai wannan magana, in matarshi ce ta kamu, jirgi za shi nema mata.

Amma yau maganata da manyan likitocin haske na ƙasashen waje take. Mun gode musu. Hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya ta taimaka aka kafa cibiyar Yamai, kuma a 2022 ta sa Nijar cikin ƙasashe 7 na Afirka da ta fara sabon shirinta na taimako da su. Wannan alheri ne. Sai dai taimako iri-iri ne. Wani baƙo ya kan zo ya yi kwana 7, ya yi jawabi, a ɗauki hoto, ya hau jirgi. Irin wannan ba shi muke so ba.

Kai manomi ka san zancen. Famfo nawa aka kafa a ƙauyukanmu da kiɗa da guɗa, ƙarfe guda ya lalace, ba mai gyara, mata suka koma rijiya da guga? Injin haske ya fi famfo wuyar sha'ani. Yana son likita mai tsara maganin. Yana son masanin awo mai tabbatar da hasken bai yi yawa ba, bai yi kaɗan ba, don in ya yi yawa ya ɓata naman lafiya, in ya yi kaɗan cutar ta dawo. Yana son mai kama shi kullum, da mai gyara. Wani irin injin ma, ƙarfen da ke ba shi haske rabin ƙarfinshi ke tafiya bayan shekara 5 da ƴan watanni, dole a sake shi. Likitan haske kuwa, bayan ya gama karatun likita, sai ya ƙara shekara 4 ko 5. Ba a koyon wannan cikin mako guda.

Saboda haka in za su zo, su zo su daɗe. Su zauna tare da samarinmu da ƴanmatanmu gaban mara lafiya har hannunsu ya faɗa. Su karɓe su a makarantunsu. In sun koma gida, su riƙa amsa waya ranar da aiki ya cije. Gwamnati ita ma da nata: wanda aka koya wa aikin, a biya shi abin da zai riƙe shi, kada wata ƙasa ta ɗauke mana shi.

Kuma su fita daga Yamai su ga hanya. Maganin haske ba na yini guda ba ne. Sau da yawa kwana 5 ne kowane mako, har mako 5 ko 6 ko fiye. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600. A ce mace ce daga wani ƙauyen Matamai. Wa zai biya mota? Ina za ta sauka? Wa zai riƙe yara, wa zai yi mata noma in damina ce? Da yawa don haka suke zama gida sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Mu ma da namu laifi. Muna ɓoye ƙullutu don kunya, muna yawon gidan boka har ya fashe. Ke ƴar'uwa, in kin ji ƙullutu a nono, ko jini na zuba ba lokacinshi ba, ki tafi likita cikin makon nan. Kai maigida, ka ba ta kuɗin mota, ka raka ta.