Sarki Goma, Zamani Goma: Me Yake Saura In Shugaba Ya Kau?

Duk inda ɗalibai suka taru ana taɗin halin da ƙasashen Afirka suka shiga tun daga samun mulkin kai, magana takan ƙare ne a kan abu guda, watau ba a yi dacen shugabanni ba. Wani ya ce da Nkrumah ya daɗe da Gana ta wuce haka, wani ya ce da ba a kashe Lumumba ba da Kwango ta zama fitilar Afirka, wani kuma ya ce da Murtala ya shekara goma da Nijeriya ta miƙe. Ba mu musa cewa halin shugaba yana da tasiri ba. Sai dai shugaba mutum ne, yakan tsufa, yakan mutu, yakan kuma sake hali in mulki ya yi masa daɗi. Saboda haka a ganinmu ma'aunin da ya fi dacewa a auna shi da shi, shi ne abin da ya bari yana aiki bayan ya kau: majalisa mai iya hana shi kuɗi, da kotu mai iya ka da shi, da baitulmalin da ba aljihunsa ba ne, da ma'aikatan da ba sa rawar jiki in sun ce masa a'a. Domin kada magana ta zama fatar baki, bari mu dubi ƙasashe biyu, Botswana da Kwango.

Ran 30 ga Satumba 1966 Botswana ta sami mulkin kai, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa talauci a duniya. Ingila ta riƙe ta tun 1885, amma ba ta ga abin da za ta ci a cikinta ba, har ma ofishin mulkinta a Mafeking yake, cikin Afirka ta Kudu, sai a 1965 aka mai da shi Gaborone. Hanyar mota mai kwalta ba ta wuce kilomita 12 ba a ƙasar duka, masu digiri kuwa 22 aka ƙidaya. Dukiyar mutane shanu ce, su ma fari ya karkashe da yawa. Ita kuwa Kwango, wadda Baljiyam ta saki ran 30 ga Yuni 1960, tana da jan ƙarfe da lu'ulu'u da zinariya da kogin da zai iya ba rabin Afirka wutar lantarki. Amma a wajen mutane masu ilmi ita ma hannu rabbana aka bar ta: masu digiri ba su kai 30 ba, kuma babu hafsa ɗan ƙasa ko ɗaya a cikin sojanta. Duk wanda aka ce ya yi duba a lokacin, Kwango zai zaɓa.

A 1967 aka gano lu'ulu'u a Orapa, cikin ƙasar Bangwato, watau ƙabilar shugaban Botswana na farko, Seretse Khama, wanda shi ne magajin sarautarsu. A bisa al'ada ma'adinin da ke ƙasar ƙabila nata ne, don haka da Khama ya bar kaza cikin gashinta, da mutanensa ne za su wadata su bar sauran. A wannan shekara gwamnatinsa ta yi dokar da ta mai da ma'adinai mallakar ƙasa baki ɗaya. A 1968 aka karɓe rabon filaye daga hannun sarakuna aka ba hukumomin filaye, majalisar sarakuna kuma aka tsayar da ita a kan ba da shawara. Ɗan sarki ne ya rage wa sarauta ƙarfi, kuma da gidansu ya fara.

Daga nan sai aka kafa ƙa'idar kashe kuɗi. Duk wani aikin raya ƙasa sai ya shiga cikin shirin da majalisar dokoki ta amince da shi, in ba ya ciki kuwa, minista ba shi da ikon ya farka da safe ya ce a fara. Ma'aikatar kuɗi da tsare-tsare, wadda Quett Masire ya riƙe, ita ce mai gadin wannan ƙofa. A cinikin da suka yi da kamfanin De Beers sun fara da kashi 15 cikin 100 na hannun jari, zuwa 1975 suka kai rabi. Rarar shekarun wadata ajiye ta aka riƙa yi don shekarun fari, har aka buɗe mata asusu na musamman mai suna Pula. Ba su yi gaggawar korar ƙwararrun baƙi daga ofisoshi ba sai da suka horar da waɗanda za su gaje su. Da suka tashi gina jami'arsu a 1976, gidauniya aka kafa, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, mai sa ya ba da sa, mai akuya ya ba da akuya. Ɗalibin da ya san da shanun ƙauyensu aka gina ajinsa, ya san wanda yake binsa bashi.

Mobutu kuwa, da ya ƙwace mulki ran 24 ga Nuwamba 1965, ta kan duk abin da zai iya ce masa a'a ya fara. A watan Yuni 1966 aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a a Kinshasa. Ran 4 ga Yuni 1969 soja suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta, a 1971 kuma aka tura ɗalibai aikin soja tilas, aka haɗe jami'o'in ƙasar ƙarƙashin hukuma guda don a ji daɗin riƙe su. Ya sake wa ƙasar suna zuwa Zayar, ya mai da kowane ɗan ƙasa ɗan jam'iyyarsa tun daga haihuwa. A 1973 ya ƙwace kantuna da gonakin baƙi da sunan mai da dukiya hannun 'yan ƙasa, alhali kuwa ga 'yan barandansa ta koma, suka sayar da hajar da suka tarar, suka bar kantuna wayam. Manyan ma'aikata kuwa juya su ya riƙa yi kamar waina. Nguza Karl-i-Bond yana ministan harkokin waje aka yanke masa hukuncin kisa a 1977, aka yafe masa, a 1980 aka naɗa shi firayim minista. Wanda ya ga haka ya san muƙaminsa da ransa suna hannun mutum ɗaya, aikinsa kuma shi ne ya faranta masa, ya kuma kwashi abin da zai kwasa kafin rana ta juya.

A 1978 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tura wani Bajamushe, Erwin Blumenthal, ya kula da babban bankin Zayar. Bai daɗe ba ya tattara nasa ya nasa ya tafi, ya kuma rubuta cewa masu bin ƙasar bashi su fid da rai. Duk da haka manyan ƙasashen Yamma suka ci gaba da ba Mobutu rance, domin yana yi musu amfani a yaƙin cacar baka. Ya gina fada a Gbadolite, garin iyayensa, da filin jirgin da Concorde ke sauka, yayin da hanyoyin ƙasa suka koma daji. Jan ƙarfen da ake haƙowa, wanda ya haura tan dubu 400 a shekara, ya faɗo ƙasa da tan dubu 50 a farkon shekarun 1990. A watan Janairu 1993 aka biya soja albashi da sabuwar takardar kuɗi ta zayar miliyan biyar, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, soja suka wawashe Kinshasa. A watan Mayu 1997 Mobutu ya gudu, ya mutu a Maroko cikin Satumba, ya bar ƙasa babu majalisa, babu kotu, babu baitulmali, sai yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka.

A Botswana kuwa Khama ya rasu a kan mulki a 1980, Masire ya gaje shi bisa tsarin mulki, ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Da aka bankaɗo maguɗin filaye a kewayen Gaborone, mataimakin shugaban ƙasa ne da kansa ya sauka a 1992. A wannan shekara wata lauya, Unity Dow, ta ka da gwamnati a kotun ɗaukaka ƙara kan dokar da ta hana mace ba 'ya'yanta 'yancin zama 'yan ƙasa in mijinta baƙo ne, gwamnati kuma ta gyara dokar a 1995. A 1994 Botswana ta zama ƙasa ta farko da ta fita daga jerin ƙasashe mafi talauci na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Oktoba 2024 jam'iyyar da Khama ya kafa ta faɗi zaɓe bayan shekara 58 tana mulki, shugaba Masisi ya amince, ya miƙa wa Duma Boko mulki. Abin da Khama ya gina ya isa ya ka da jam'iyyar Khama, kuma a wurinmu babu yabon da ya fi wannan.

Mun san za a ce Botswana ƙarama ce, mutanenta galibi harshe ɗaya suke yi, kuma ba a yi mata katsalandan irin wanda aka yi wa Kwango ba, inda Baljiyam ta tsaya wa ɓallewar Katanga, aka kuma kashe Lumumba a watan Janairu 1961 da hannun 'yan waje a ciki. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya manta da shi ya zalunci mutanen Kwango. Amma Saliyo ma ƙarama ce, tana da lu'ulu'u, Siaka Stevens ya mai da ita ƙasar jam'iyya ɗaya a 1978, aka ƙare da yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002. Botswana kuma ba a cikin kwanciyar hankali ta tashi ba, gwamnatocin wariyar launin fata ne suka kewaye ta, har sojan Afirka ta Kudu suka kai hari Gaborone a 1985. Ba mu kuma ce aljannar duniya ce ba. Ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi babba ce, matasa da yawa ba su da aiki, an zalunci Basarwa mazauna Kalahari har sai da kotu ta ba su gaskiya a 2006, kuma dogaro da lu'ulu'u ya ja tattalin arzikinta baya a 2024 da kasuwarsa ta faɗi. Tsari mai kyau ba ya hana kuskure, amfaninsa shi ne yana barin ƙofar gyara a buɗe ba tare da an zub da jini ba.

Mu ma a Nijeriya muna da namu darasi. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma domin tsabtace aikin gwamnati. Jama'a sun yi tafi, kuma lalle akwai ɓata-gari a cikin waɗanda aka kora. Amma an kori da yawa ta sanarwar rediyo, ba tare da an saurari bahasinsu ba, waɗanda suka rage kuwa suka koyi cewa aikin shekara ashirin yana iya ƙarewa cikin dare ɗaya, don haka gara kowa ya yi wa kansa tanadi. Niyya mai kyau in ta tsallake ƙa'ida, takan raunana abin da ta zo gyarawa. Asusun rarar man fetur da aka buɗe a 2004 ya kai kimanin dala biliyan 20, aka rarrabe shi cikin 'yan shekaru, domin babu wata doka mai ƙarfi da ta tsare shi. Kuɗin sun samu, abin riƙe su ne babu.

To, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, wannan magana tamu ce. Abin da ake kira hukuma mutane ne, watau akawun da ya ƙi sa hannu a takardar biyan kwangilar da ba a yi ba, da mai binciken kuɗi da ya rubuta abin da ya gani, da alƙalin da ya yanke hukunci yana sane da fada ba za ta ji daɗi ba. Kaɗan ne daga cikinmu za su zama shugabanni, amma kusan dukanmu za mu zauna a bayan wani tebur, wata rana kuma za a kawo mana takarda a ce daga sama aka aiko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar ɗaliban da take karanta lissafin kuɗinta a gaban taro, take yin zaɓe a kan lokaci, wanda ya faɗi kuma ya miƙa mabuɗin ofis ba gardama, tana koyar da mulki fiye da lacca goma.

Saboda haka in masu neman mulki suka zo mana da alkawari, kada mu tsaya a kan abin da suka ce za su gina. Mu tambaye su wace doka suka yarda ta hau kansu, wa zai binciki lissafinsu ba tare da tsoron kora ba, kuma ranar da jama'a suka ce sun gaji da su, ta wace ƙofa za su fita. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba mu amsa.