Lalube a cikin duhu: wa ke ƙidayar ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani?

Duk sa'ad da aka taso da zancen magungunan da suka daina aiki, manyanmu na da amsa guda a aljihu: laifin talaka ne. Shi ke sayen kafso wurin mai tebur, shi ke shan biyu ya ajiye saura, shi ke ɗura wa kaji da awaki abin da aka yi domin ɗan Adam. Daga nan sai a kira taro a babban otel na Yamai, a rataya ƙyalle, a yi jawabai, a raba perdiyam, a watse. In an so a burge mu, a tara kwalayen magungunan jabu a bayan gari a cinna masu wuta a gaban ƴan jarida. To, mun ji. Talaka na da nasa laifi, mai tebur ma haka. Amma akwai tambayar da ba a so a yi, mu kuwa ita za mu yi yau. A cikin asibitocin gwamnati, inda babu mai tebur, inda likita mai takardar shaida ke rubuta magani, wa ke ƙidayar ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani? A wane littafi ake rubuta su? Wa ke karanta littafin?

Bari mu fara da yadda abin yake, domin an faye lulluɓe shi da manyan kalmomin Faransanci. Ba jikin maras lafiya ne ke sabawa da magani ba, kamar yadda ake faɗa a gari. Ƙwayar cutar ce ke sauyawa. In an ba mutum antibiyotik, masu rauni daga cikin ƙwayoyin sukan mutu, masu taurin kai su tsira, fili ya zama nasu, su hayayyafa. Wasu daga cikinsu, irin su E. coli da Klebsiella da ke zaune a hanjin mutum, sukan fitar da wani sinadari da ke karya penisilin da danginsa, har da seftiriyakzon, allurar da likitocinmu suka fi dogara da ita. Abin da ya fi muni, ƙwayoyin na miƙa wa juna wannan dabara kamar yadda maƙwabta ke aron turmi, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Aleksanda Filemin, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedin haka tun 1945. Ba sabon labari ba ne. Kuma ba inda wannan ciniki ke ci kamar asibiti, wurin da aka tara raunana, aka tara allurai, aka kwantar da yara biyu ko uku a gado guda, hannu ɗaya kuma ke zagaya su duka.

Kada wani ya ce zancen Turai muke kawowa. A Maraɗi aka auna. Tsakanin 2007 da 2008, a wata cibiyar kula da yara masu tamowa mai tsanani, masu bincike sun bi yara 55, sun duba bayan-gidansu ranar shiga. Yara 17 sun zo da ƙwayoyin nan masu karya magani tun daga gida. Daga cikin waɗanda suka shigo babu su, an sake duba 16 ranar sallama: 15 sun fita da su. A sake karanta wannan lissafi. An buga shi a 2011. Gaskiya ne ɗaukar ƙwaya a hanji ba shi ne kamuwa da ciwo ba. Yaro na iya yawo da ita lafiya ƙalau. Amma ranar da ta sami hanyar shiga jini ko mafitsara, allurar da aka saba ba za ta yi komai ba, kuma kafin wannan rana ya riga ya raba ta ga ƴan'uwansa a tsakar gida. Waccan cibiya ba ta fi saura ƙazanta ba. Bambancinta ɗaya ne: a can an duba. Shekaru 10 bayan haka, a 2017, wani bincike a ƙauyukan Madarunfa ya tarar kusan 95 cikin 100 na mutanen da aka duba na ɗauke da ƙwayoyin hanji da ba su jin siprofuloksasin.

Wa ya yi waɗannan awo? Ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre, tare da ƴaƴan ƙasar nan da ke aiki da su. Madalla da su. Amma ƙasar da sai baƙo ya zo da kuɗinsa da kayan aikinsa sannan take sanin abin da ke kashe jariranta, wane irin ƴanci take taƙama da shi? An cika mana kunne da kalmar ƴancin kai, gwamnati bayan gwamnati, ta farar hula da ta soja. Sanin abin da ke yawo a ɗakunan jinyarka wani yanki ne na ƴancin kai, ko da ba a yi masa faretin ranar 18 ga Disamba.

Yanzu ga yadda ake bin sawun ƙwayoyin nan, don mai karatu ya gani da kansa ko abu ne da ya fi ƙarfin ƙasa. Ana ɗibar jini, ko fitsari, ko mugunya, kafin a fara ba da magani. A shuka a faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum. In sun tsiro, a gane jinsinsu. Sai a shimfiɗa su a wani faranti, a jera ƴan ƙananan takardu masu kamar kwabo, kowace an jiƙa ta da magani iri guda. Washegari a duba: inda maganin ke aiki za a ga fili fayau kewaye da takardar, inda ba ya aiki ƙwayoyin sun tsiro har gindinta. A auna faɗin filin da ma'auni, a rubuta. Wannan hanya tun 1966 aka daidaita ta a Amurka. Manhajar kwamfuta da ake tara sakamakon a cikinta, mai suna WHONET, kyauta ake ba da ita. Abin da aikin ke bukata shi ne ma'aikacin da ya ƙware, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da firiji, da ruwa mai tsabta, da kayan awo da ba su ƙarewa a tsakiyar shekara. Kuɗi ne, ba mu musa ba. Amma a kwatanta da ayarin kat-kat da ke raka babban mutum buɗe taro guda.

Amfanin awon kashi biyu ne, kuma na biyun ne ake mantawa. Na farko na maras lafiya ne: a san maganin da zai yi masa aiki. Na biyu na asibitin ne baki ɗaya. In aka tara sakamakon shekara, likita zai san cewa a ɗakin jarirai na asibitinsa magani kaza ya riga ya mutu, don haka ba zai ɓata kwana uku a kansa ba, kwana ukun da jariri bakwaini ba shi da su. In aka ga ƙwaya iri guda da halin taurin kai iri guda a jikin yara biyar cikin mako biyu a ɗaki guda, an san annoba ce ta cikin gida: a nemi tushenta a bakin famfo, a tiyon numfashi, a kwalbar ruwan da ake huda wa mutum goma. In babu awo, yaran nan biyar sai a ce kwanansu ne ya ƙare. Mun yarda kowa da ajalinsa. Sai dai addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma bai halatta wa ma'aikaci ya ɓoye sakacinsa a bayan ƙaddara ba.

In babu awo me ke faruwa? Abin da kowa ya sani. Masassara ta ƙi sauka, a ce taifot ce, bisa wani gwajin jini da masana suka daɗe suna cewa ba abin dogara ba ne. A rubuta allura. Ba ta yi ba, a sauya. Ba ta yi ba, a haɗa biyu. Kowace takarda uban yaro ne ke ɗauka zuwa farmasi. Akuya ta tafi, buhun hatsi ya bi ta. Likitan ba mugu ba ne, an tura shi fagen fama ne an ɗaure masa idanu. Kowace allurar da ya yi bisa zato kuwa, horo ce yake ba ƙwayoyin da suka tsira.

Alƙaluman duniya sun isa su hana mai mulki barci. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin da ba su jin magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye, fiye da sida, fiye da zazzaɓin cizon sauro. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma: wajen mutum 27 cikin kowane dubu 100. A watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a 2023 ɗaya cikin kowane ciwo 6 na ƙwayoyin bakteriya da aka tabbatar a ɗakin awo bai ji maganin da aka saba ba. A Afirka ɗaya cikin 5. To amma a lura da kalmar nan, "a ɗakin awo". Wani bincike na 2022 a ƙasashen Afirka 14, cikinsu har da Najeriya da Burkina Faso da Senegal, ya tarar daga cikin ɗakunan awo wajen dubu 50, kimanin 13 ne kawai cikin kowane dubu ke shuka ƙwayoyin cuta. Nijar ba ta ma cikin ƙasashen da aka duba. Ma'ana, yankin da aka fi mutuwa shi ne yankin da aka fi ƙarancin awo.

Takardu dai ba mu rasa su ba. A 2015 ƙasashen duniya sun amince da shirin yaƙi da wannan bala'i, OMS ta kafa tsarin tattara alƙaluma mai suna GLASS. A 2016 da 2024 an yi manyan taruka a Majalisar Ɗinkin Duniya, na ƙarshen ya ɗauki alƙawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Mu ma an rubuta mana kundin ƙasa, an kuma ware ɗakin awo na ƙasa domin wannan aiki a asibitin Lamorde da ke Yamai, wanda ake kira Amiru Bubakar Diyallo. Aiki ne mai kyau, muna jinjina wa masu yin sa. Sai dai daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Difa fiye da 1,300. Jinin jariri ba ya jiran motar kasuwa. Kuma ta yaya za a rage kashi 10 na adadin da ba a ƙidaya ba?

Za a ce mana talauci. Amsarmu ita ce sanƙarau. Ƙasar nan ta iya bin sawun sanƙarau: ana ɗibar ruwan ƙashin baya a cibiyoyin lafiya na nesa, a aika cibiyar CERMES a Yamai, a gane jinsin ƙwayar. Da wannan hanya aka gane a annobar 2015, wadda ta kama fiye da mutum 8,000 ta kashe fiye da 500, cewa jinsin C ne ya taso, ba jinsin A da aka yi wa rigakafi ba. Ke nan hanya akwai ta, ƙwararru akwai su. Bambancin shi ne sanƙarau na kisa da ƙara, yana jawo rediyo da masu ba da agaji, yana iya girgiza kujerar minista. Ƙwayar da ke cikin ɗakin masu jego kuwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, cikin dare, ba mai kuka sai uwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa Nijar ta fi kowa bukatar buɗe ido. A jihar Dosso aka gwada raba azitromisin ga yara ƴan wata 1 zuwa 59 sau biyu a shekara, kuma sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da wajen kashi 18 cikin 100. Babu mai hankalin da zai raina ran yaro guda, balle wannan adadi, kuma ba mu cikin masu cewa a daina. Amma masu binciken da kansu sun nuna cewa alamun taurin kai ga wannan rukunin magani sun ninka a hanjin yaran, kuma da OMS ta ba da shawara a kan rabon a 2020, ta gindaya sharaɗin a riƙa sa ido a kan haka. Wanda ya karɓi maganin ya karɓi sharaɗin. Bashi ne muke ci daga ƴaƴan gobe, kuma mai cin bashin da ba ya rubutawa ya san yadda ake ƙarewa.

Abin da muke nema ba ya bukatar sabon taro. Kowane babban asibitin jiha, daga Tilaberi zuwa Difa, ya sami ɗakin shuka ƙwayoyi mai aiki kullum, kuɗin kayansa kuma ya fito a kasafin kuɗin ƙasa da layinsa na kansa, don kada ya mutu ranar da wani shiri na baƙi ya naɗe tabarma. Awon jinin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya shiga cikin kyautar magani da aka ayyana tun 2006, a kuma biya asibitoci kuɗinsu a kan kari. Mun ga yadda bashin da gwamnatoci suka tara ya mai da waccan kyauta takardar zuwa farmasi. A sa ruwa da sabulu a bakin kowane ɗakin jinya, domin tun 1847 wani likita a Biyana, Semelwais, ya nuna wanke hannu na tsirar da masu jego. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. A faɗa mana nawa aka ba ta bana, nawa kuma ya isa ɗakin awo.

Sannan abin da muka san zai fi yi masu ɗaci: a buga sakamakon. Kowace shekara kowane asibiti ya liƙa a allonsa, ya kuma ba ƴan jarida, jerin ƙwayoyin da ya samu, da ɗakin da aka same su, da magungunan da suka daina yi masu aiki. Darektan da ya fito da mummunan lissafi kada a tsige shi, domin shi ne ya duba. Wanda ya ce asibitinsa babu komai shi za a tambaya faranti nawa ya shuka. Ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan lafiya, da suka iya yajin aiki a kan albashi, su sa wannan a cikin takardar bukatunsu, tun da hannuwansu ne ke cikin mugunyar. Muna jiran Ma'aikatar Lafiya ta aiko mana da lissafin asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa na shekarar da ta wuce. In ya zo, za mu buga shi a wannan shafi ba tare da mun taɓa ko waƙafi ba.