Ruwan da ke sauka daga duwatsun Rano: mu je mu gani, mu dawo lafiya

Mun san yawancinku kun ajiye biro an shiga dogon hutu, kuma kamar kowace shekara hutun ya faɗo a tsakiyar marka. A wannan lokaci ne duwatsun kudancin Kano suka fi kyau, a lokacin ne kuma suka fi hatsari. Shi ya sa yau za mu ba ku labarin wani yawon ƙafa da muka yi bara a ƙasar Rano, da abin da ya kusa faruwa da mu.

Musu ne ya jawo tafiyar. Muna zaune a ɗakin kwananmu na jami'a, wani abokinmu ya nuna mana bidiyon magangarar ruwa ta Gurara da ke Jihar Neja a wayarsa, ya ce mu Kanawa sai dai mu gani a hoto, don ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Wani ɗan Kibiya da ke cikinmu ya yi dariya, ya ce duk mai faɗin haka bai taɓa wuce Zoo Road ba. Ya ce mu bari watan Agusta ya kama, mu zo garinsu, gani ya kori ji. Mu biyar muka amsa gayyatar.

Mun kwana a Kibiya, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye muka hau babura zuwa Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, daga nan muka nufi wajen Rurum, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su. Inda hanyar babur ta ƙare muka sauka muka kama tafiya a ƙasa, muna ratsa gonakin dawa da masara da suka fi mu tsawo. Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin ƙararsa. Da muka zagaya bayan wani dutse sai ga shi yana zubowa fari fat daga sama, ya bugi wani falalen dutse ya tarwatse, feshinsa yana dukan fuskokinmu, sannan ya taru ya bi wani kwazazzabo. Tsayinsa bai fi na gidan sama mai hawa ɗaya ba, amma mai musun nan shiru ya yi, ya zaro waya.

Kada wani ya ce mun ruɗe shi: wannan ruwa bai kai na Gurara ba, kuma ba kullum ake samunsa ba. Wanda ya je wurin da rani dutse kawai zai tarar, da wani baƙin zane a jikinsa inda ruwan yake bi. Dalilin yana cikin darasinku na Labarin Ƙasa. Duwatsun wannan yanki irin masu taurin nan ne da ake kira giranit, ba sa shan ruwa kamar yadda ƙasar gona ke sha. Idan aka yi ruwan sama a kan dutse mai faɗi, kusan duka gangarowa yake yi, ya nemi tsaga mafi sauƙi ya bi, inda tsagar ta ƙare a kan gaɓa sai ya faɗo. Saboda haka magangarar tana cika nan da nan bayan an yi ruwa, ta kuma janye cikin 'yan kwanaki idan aka ɗauke.

Wannan saurin cika shi ne abin da ba mu yi lissafinsa ba. Bayan mun gama ɗaukar hoto sai muka sauka cikin kwazazzabon, muka tuɓe takalma, muka zauna a kan duwatsu ruwa yana wucewa iya idon sawu. Rana tana haske, babu ko ɗigo. Can sai muka ji kira daga sama. Wani dattijo ne makiyayi, riƙe da sandarsa.

Ya ce, “Samari, ku fito daga nan.”

Ɗayanmu ya ce, “Baffa, ai ba a ruwa.”

Ya nuna gabas da sanda, inda hadari ya yi baƙi ƙirin a bayan duwatsu, ya ce, “Can ake yi, nan zai biyo. Ku fito na ce.”

Kunyarsa ce ta fito da mu, don a ranmu gani muke tsoro ne irin na tsofaffi. Ba a yi rabin awa ba ƙarar ruwan ta sauya. Farin ruwan nan ya koma ja, ya taho da itatuwa da karare, ya shafe duwatsun da muka zauna a kai har ba a ganin ko ɗaya. Takalmin ɗayanmu da ya manta a ƙasa, muna kallo ya tafi. Babu wanda ya iya cewa uffan. Da muka waiwaya mu yi wa Baffa godiya, har ya kora shanunsa ya yi gaba. A ranar muka gane cewa ruwan da ke cin mutum a kwazazzabo ba lallai ne a kansa aka yi shi ba.

Ba mun kawo wannan labari don mu hana ku fita ba ne. Muna so ku je, domin ɗalibin da ya ga yadda ruwa ke cin dutse da idonsa ba zai sake haddace ma'anar zaizayar ƙasa kamar karatun aku ba. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don faɗakarwa a kai. Mu nan ma ba sai an kawo mana alƙaluma ba, da wuya damina ta wuce ba mu ji an yi jana'izar yaron da ya tafi wanka kududdufi ba.

Don haka abu na farko, kada wanda ya saci jiki ya tafi. A nemi izinin iyaye, a faɗa musu inda za a da lokacin dawowa, a tafi da babba. Idan an isa ƙauyen da ke kusa, a gaida mai unguwa ko dattawan da aka tarar, a nemi ɗan gari ya yi rakiya. Shi ya san gurbi mai zurfi, shi ya san tsagar da maciji ke kwana, shi ya san gonar da ba a ratsawa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a riƙa duban sama ta kowace kusurwa, musamman ɓangaren da ruwan ke gangarowa. Idan ruwan da ke gabanku ya fara sauya launi, ko ya fara kawo ganye da kara, ko ƙararsa ta ƙaru, ku hau tudu nan take, ku bar duk abin da ya rage a ƙasa. Idan kuma an fara walƙiya, ku sauka daga ƙololuwar dutse, kada ku fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, domin tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri.

Na uku, santsi. Duk inda kuka ga dutse ya yi baƙi ko kore, gansakuka ce ta kama shi, kuma ta fi sabulu santsi. Silifas ba takalmin hawan dutse ba ne, a sa kambas mai ƙasan roba. Kada a tsaya a bakin gaɓa don ɗaukar hoto, kada kuma a juya wa rami baya ana neman inda hoton zai fi kyau.

Na huɗu, wanka. Gurbin da ruwa ke faɗawa ya fi yadda ake zato zurfi, don ruwan ya shekara da shekaru yana haƙarsa. Ruwan wurin juyawa yake yi yana mayar da abu ƙasa, ga shi cike da kumfa, ba ya ɗaga jiki kamar ruwan da ke kwance, shi ya sa gwanin iyo ma yakan rasa yadda zai yi. Ruwan da ke kwance kuma yana da tasa matsalar, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan katantanwa na bakin ruwa, ta huda fata ta shiga jikin mai wanka. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa a kai shi asibiti, akwai maganinta. Masu cewa alamar balaga ce ba su faɗi daidai ba, cuta ce, kuma tana lalata mafitsara idan aka ƙyale ta.

Na biyar, wanda ya fi wuyar bi. Idan wani ya faɗa ruwa, kada ka bi shi. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya je ceto, domin mai nutsewa ƙanƙame duk abin da ya taɓa yake yi. Ka yi ihu a kawo ɗauki, ka kwanta a ƙasa ka miƙa masa doguwar sanda, ko ka jefa masa igiya, ko jarka marar komai a ciki da murfinta a rufe, za ta riƙe shi a sama. Igiya da jarka ba su da nauyi, a tafi da su.

Bayan ruwan ya lafa mun hau wani dutse mai sauƙin hawa, muka hango shimfiɗar ruwan Tiga yana ƙyalli. An gina wannan madatsa a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kogin yana tasowa ne daga tsaunukan da ke kudu, ya ratsa dajin Falgore kafin ya iso nan. Daga Tiga ake sakin ruwan da ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noma shinkafa da alkama da tumatirin da ke shiga tukwanen gidajenmu. Kogin Kano kuma yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Ashe ƙoramun da muke rainawa su ne ke haɗuwa su yi wannan doguwar tafiya. Ledar ruwa da robar lemon da muka yar a bakinsu ma hanyar za su bi, don haka duk abin da aka je da shi a dawo da shi.

Mai son ganin manya, akwai ta Zainabi a yankin Riruwai cikin ƙaramar hukumar Doguwa, nan Jihar Kano. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, da Assop a Filato, da Farin Ruwa a Nasarawa, ga kuma Gurara da ta jawo musun. Waɗannan tafiya ce ta makaranta ko ta iyali, bayan manya sun bincika lafiyar hanya.

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki na tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District, wanda aka mayar wurin shaƙatawa na ƙasa a 1951, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara, da yawansu don tafiya a ƙasa kawai zuwa bakin magangarun ruwa. Abin da ya taimake su shi ne hanyoyin ƙafa masu alama, da taswira, da masu aikin ceto na sa-kai. Mu namu duwatsun ba su samu wannan gata ba tukuna, iliminsu yana kan mutane irin su Baffa, kuma ba kowa ne zai yi sa'ar da muka yi ta haɗuwa da shi a kan lokaci ba.

A nan ne ku ɗaliban Rano da Kibiya kuke da aikin yi. Idan an koma makaranta, ku roƙi malamin Labarin Ƙasa ya jagorance ku, maza da mata, kowane rukuni da malaminsa. Ku zauna da dattawan garinku ku rubuta sunan kowane dutse da kowace ƙorama, da watan da take kawowa, da wurin da aka taɓa yin asarar rai. Ku zana taswira ko da a kwali ne, ku liƙa a allon sanarwa don na bayanku. Wanda ya yi, ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, za mu duba mu buga waɗanda suka fi tsari.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ku. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.