Zango ɗaya a jami'ar waje: kunne da baki ake kaiwa

Yau za mu leƙa wani abu da ke gabanku kaɗan, wato musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i, musamman ga masu sha'awar karanta Turanci idan sun gama sakandare.

Ga yadda abin yake. Jami'o'i biyu na ƙasashe dabam-dabam sukan ƙulla yarjejeniya, wannan ta tura ɗalibanta can, waccan ta turo nata. Ɗalibi ya je ya yi zango ɗaya, wata huɗu zuwa biyar, ya dawo ya ƙarasa digirinsa a gida. Shirin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, ya koma Erasmus+ a 2014, daga 2015 kuma aka buɗe ƙofarsa ga jami'o'in wajen Turai, har da na Afirka. A ƙarƙashinsa ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ta karɓe shi, kuma ana tallafa masa da kuɗin tafiya da na zama. Sai dai dole jami'arka ta kasance tana da yarjejeniya da waccan, gurbin kuma kaɗan ne, masu nema da yawa.

Mu ɗauki birnin Dabilin na ƙasar Ayalan, inda Turanci ne harshen yau da kullum, inda kuma Kwalejin Trinity take tun 1592. Zangon farko yana farawa a Satumba, ya ƙare a Disamba. Kafin ɗalibi ya tashi, shi da jami'o'in biyu za su sa hannu a takardar darussan da zai ɗauka. A Turai ana auna nauyin darasi da ma'aunin ECTS, cikakken zango maki 30 ne. Wannan takarda ita ce ke sa a lissafa masa karatun idan ya dawo. Wanda ya yi sakaci da ita, ko ya faɗi darussan, zai iya tarar da 'yan ajinsu sun wuce shi. Kun ga ke nan ba yawon buɗe ido ba ne.

Abin da ke fara girgiza baƙo shi ne kunnensa. Yaron da ya ci Turanci da kyau a WAEC zai shiga bas ya ji direba ya yi magana, ya rasa ko kalma ɗaya. Kamar Bakano ne ya sauka Sakkwato karon farko, Hausa ce amma sai ya kasa kunne sosai. Turanci ma haka yake da kare-kare: na Dabilin dabam, na Gilasgo dabam, na Libaful dabam. Cikin 'yan makonni kunne yakan buɗe, amma ga wanda yake shiga mutane kawai.

Na biyu shi ne aji. Ban da lacca, akwai ƙaramin zama na ɗalibai kaɗan da malami, inda za a ba ku littafi ku karanto, sannan a tambayi ra'ayin kowa. A wajenmu yin shiru gaban malami ladabi ne, a can kuwa ana iya ɗauka ba ka yi karatun ba. Yawancin maki daga rubutun sharhi suke fitowa, kuma kwafo maganar wani ba tare da ambaton mai ita ba babban laifi ne da ke jawo hukunci.

Na uku shi ne kewa. A Disamba rana tana faɗuwa a Dabilin kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ga sanyi ga yayyafi. A nan ne tarkon yake. Ɗalibi ya kulle ɗaki, ya kwana yana hira da 'yan gida a WhatsApp, idan ya fita kuma sai wurin 'yan ƙasarsu. Zumunci abu ne mai kyau, amma wata huɗu kamar yau ne. Mai yin haka zai dawo da hotuna cike da waya, Turancinsa kuwa yana nan inda ya bar shi. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya shiga ƙungiyar muhawara ko ta ƙwallo, ya yi tambaya a kanti, ya yi kuskure aka gyara masa bai ji kunya ba. Matambayi ba ya ɓata.

To, me ya shafe ku tun yanzu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'o'in waje sukan nemi shaidar iya harshe, kamar jarrabawar IELTS, wadda ke gwada abu huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana, makinta mafi girma 9. Biyu daga ciki, saurare da magana, su ne aka fi bari a baya a makarantunmu. Saboda haka ku ware minti 15 kullum ku saurari labarai da Turanci a rediyo, sannan ku faɗa wa aboki abin da kuka ji. Ku karanta littafin adabi guda a kowane wata, ku rubuta shafi ɗaya kan abin da ya burge ku da dalilinku. Ku ɗaga hannu a aji ko da murya na rawa. Idan kun shiga jami'a, ku riƙe sakamako mai kyau tun shekarar farko, domin da shi ake tantancewa, ku kuma nemi ofishin hulɗa da jami'o'in waje ku tambaya.

Kada kuma ku raina Hausarku. A can za a tambaye ku harshenku da adabinku, kuma wanda ya san Magana Jari Ce ta Abubakar Imam yana da abin ajiyewa a teburin da ake zancen adabi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.