Wa zai amsa tambayar da yarinya ba za ta yi wa uwarta ba?

A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara darussan makarantu da ta cire ilimin jima'i daga abin da ake koya wa yara, yana cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Mutane da yawa sun yi masa sam-barka. Sai dai umarnin minista ba ya kai wa ɗakin da 'yar shekara 13 take murƙususu da ciwon mara, ta ga jini karon farko, tana zaton wani mugun abu ne ya same ta. Uwa na jin nauyi, 'ya na jin kunya. In 'yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta faɗi, balle su zauna zancen al'ada.

Wanda za ta tambaya sananne ne: ƙawa, ko mai kemis, ko waya. A wayar kuwa malamai sun riga sun shimfiɗa buzu: masu tallar kayan mata a TikTok, da masu gorar "maganin sanyi" da suke cewa tana warkar da komai, daga ƙaiƙayi har rashin haihuwa. Don haka gardamar ko ya dace matasa su koyi lafiyar jikinsu ta waya ta makara. Abin da ya rage shi ne a sa musu mai amsa na gaskiya a ciki.

Masu tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujja, amma su duba wace ce ɗalibar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A Legas kashi 1 ne, a Bauchi kashi 41. Mafi yawansu a Arewa matan aure ne. Amarya ce da ba a gaya mata yaushe ake fara zuwa awo ba, ko cewa kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani suna iya zama alamar jijjiga, ko cewa doguwar naƙuda a gida ce take kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Kuma batun ba baƙo ba ne a wurinmu. Ahalari da Risala sun yi bayanin haila da janaba da jinin biƙi ɓaro-ɓaro, ana karanta su a zaure tun kaka da kakanni, ba wanda ya ce sun ɓata kowa.

An daɗe da gwada amsa wa matasa ta waya. Tun 2007 shirin Learning about Living ya buɗe hanyar da matashi zai tura tambaya ta saƙon tes, ma'aikatan ƙungiyar Education as a Vaccine su ba shi amsa ba tare da sun san ko wane ne ba. Daga baya ƙungiyar ta fitar da manhajoji irin su Frisky da Diva. UNICEF ma ta ƙirƙiro Oky, manhajar lissafin kwanakin al'ada da aka fara a Mongoliya da Indonesiya, wadda take aiki ko babu data, kuma tana da lambar sirri saboda an san wayar aro ce.

Nan gizo yake saƙa. Yarinyar da ta fi bukatar bayanin ba ta da babbar waya, galibi ba ta jin Turanci, wataƙila bokon ma ba ta karantawa. Wayar ta miji ce ko ta yaya, takan zo hannunta da dare na ɗan lokaci. Manhajar da aka rubuta da Turanci don ɗalibar jami'a a Abuja ba ta san da zamanta ba. Wadda za ta yi mata amfani sai ta yi magana da murya, da Hausa, da kalmomin da malamar Islamiyya za ta iya furtawa a aji, kuma ta yi aiki a ƙaramar waya.

Sirri ma ba abin wasa ba ne. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhumi kamfanin manhajar lissafin al'ada ta Flo da miƙa bayanan lafiyar mata ga Facebook da Google. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma manhajar da take riƙe da sirrin 'yar shekara 15 ce ta fi cancanta a gwada ƙarfin dokar a kanta.

Sannan waya ba ta yin awo. Shirin Matasa Matan Arewa na ƙungiyar Society for Family Health ya fi gane haka: yakan fara shawo kan miji, wata babbar mace ta unguwa ta tara amare su yi darasi, daga nan a haɗa su da ma'aikaciyar lafiya su gana su biyu. Manhajar da za a yi wa Arewa ya kamata a ɗora ta a kan irin wannan tsari, a sa malamai da unguwarzoma cikin masu tace darussanta, ta kuma gaya wa yarinya asibitin da za ta je da ranar da ake awo.